Horon mako guda ga fastocin Nijar: me baƙi ke kawowa, me ke saura bayan sun tafi?

Da zarar an kammala girbi, sanyi ya fara shigowa, lokacin tarukan ƙara wa juna sani ke nan a majami'un Kirista na ƙasashen Sahel. Fastocin karkara, waɗanda akasarinsu manoma ne, sukan samu sararin barin gida na ƴan kwanaki. A daidai wannan lokaci ne kuma baƙin malamai daga Amurka da Turai da Koriya ta Kudu suka saba zuwa. Sukan yi mako guda ko biyu suna koyarwa, a raba takardun shaida, a ɗauki hoto, su koma gida.

Wannan shi ake kira aikin mishan na gajeren lokaci, kuma horar da fastoci na daga cikin manyan sassansa. Masu goyon bayansa na cewa shi ne hanya mafi sauƙi ta kai ilimi ga shugabannin da ba su da halin zuwa makaranta. Masu suka na cewa kuɗin ya fi amfanin yawa. A ƙasa irin Nijar, inda Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'umma ba a ƙidayar jama'a ta 2012, muhawarar ta shafi har waɗanda ba Kiristoci ba, domin fasto shi ne ke magana da sunan jama'arsa a gaban maigari da liman da jami'an gwamnati. Irin karatun da ya samu yana da tasiri a kan zaman tare.

Daga mishan na tsawon rai zuwa na mako biyu

Ƴan mishan na farko ba da niyyar komawa da wuri suka zo ba. A 1893 wasu samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da nufin shiga ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Cikin shekara guda biyu daga cikinsu suka mutu, Bingham kaɗai ya tsira. Ƙungiyar da ya kafa, wadda aka fi sani da SIM, ta iso Damagaram a 1924, daga baya ta buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi da ta buɗe a 1950 yana nan yana aiki har yau, haka ma cibiyar kula da masu cutar kuturta ta Danja.

Mutanen wancan zamani sukan shafe shekaru ashirin ko talatin a wuri guda. Sun koyi Hausa, wasunsu ma sun yi aikin fassara. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Sai dai tsawon zama bai hana saɓani ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafin da ta wallafa a 2006 a kan Kiristocin yankin Maraɗi, ta nuna cewa mishan ɗin ya fi mayar da hankali ga wa'azi da karatun Hausa, ya yi jinkirin buɗe makarantun Faransanci. Wannan ya ɓata wa Kiristocin gida rai, domin da Faransanci ake samun aikin gwamnati da zurfin karatu. Ke nan tambayar ko wa ke yanke shawara a kan irin ilimin da za a ba ƴan ƙasa tsohuwar tambaya ce.

Sauyin ya zo ne bayan da tafiya ta jirgin sama ta yi sauƙi. Ƙungiyar Operation Mobilisation, wadda George Verwer ya faro a 1957, da ƙungiyar YWAM ta Loren Cunningham, wadda aka kafa a 1960, su ne suka buɗe ƙofar tura matasa aikin ƴan makonni ko ƴan watanni. Abin ya bunƙasa har masanin zamantakewa Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta, a tsakiyar shekarun 2000, cewa Amurkawa kimanin miliyan 1.6 ne ke fita irin wannan tafiya a kowace shekara. Mafi yawansu gini ko fenti ko aikin jinya suke zuwa yi. Kaɗan daga cikinsu, galibi fastoci da malaman makarantun tauhidi, su ne ke zuwa koyarwa.

Abin da ke kawo fastoci wurin taron

Buƙatar ba ƙirƙira ba ce. Wani ƙiyasi da ake yawan ambato, na cibiyar nazarin Kiristanci a duniya da ke makarantar Gordon-Conwell a Amurka, ya ce kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na fastocin duniya suka yi cikakken karatun tauhidi a makaranta. Wannan matsala ta fi shafar ɗariƙun Furotesta. A ɗariƙar Katolika, ba a naɗa mutum fada sai ya yi shekaru a makarantar horar da limamai, saboda haka horon mako guda ba ya maye gurbin komai a wurinsu.

A ɓangaren Furotesta kuwa, majami'a kan haihu kafin a samu wanda zai riƙe ta. Iyalai biyar ko shida sun fara taruwa a ƙauye, sai a ɗora wa wanda ya fi iya karatu nauyin jagora. Daga nan shi ne mai wa'azi ranar Lahadi, shi ne mai ɗaura aure, shi ne mai jana'iza, shi ne mai sasanta miji da mata. Sau da yawa ba shi da albashi, gonarsa ce ke ciyar da shi. A ce ya kwashe iyali ya tafi makaranta shekara uku ko huɗu, gona ta kwana, majami'a ta rasa shugaba, abu ne mai wuya.

Makarantu dai akwai su. Akwai makarantar Littafi Mai Tsarki ta Aguié a jihar Maraɗi, akwai ESPriT a Yamai ga masu zurfin karatun Faransanci. Amma kujerunsu ba su kai yawan masu buƙata ba, kuma kuɗin makaranta da na abinci kan gagari ƙaramar majami'a. Shi ya sa idan aka ce ga horo na kwana biyar, ga abinci, ga kuɗin mota, ga littafi kyauta, ba a rasa mahalarta.

Yadda makon yake tafiya

Tsarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Majami'a ko haɗaɗɗiyar ƙungiyar majami'u ta gida ita ke gayyata, ta zaɓi mahalarta, ta samar da masauki. Baƙi su ke biyan kuɗin tafiyarsu, sau da yawa har da kuɗin abinci da na motar mahalarta, daga gudunmawar da suka tara a majami'unsu na gida. Ana karatu daga safe zuwa la'asar, Litinin zuwa Juma'a, domin kowa ya koma wurin jama'arsa kafin Lahadi.

Darussan da aka fi koyarwa su ne yadda ake karanta nassi a fahimci ma'anarsa a inda ya zo, yadda ake shirya wa'azi, taƙaitaccen bayanin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, da halin da ya kamaci shugaba. Masu wannan aiki sukan kafa hujja da wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura ta 2, inda ake maganar miƙa koyarwa daga malami zuwa almajiri, shi ma ya miƙa wa wasu.

Sai dai akwai bambanci babba tsakanin iri biyu na wannan aiki. Na farko shi ne babban taro na sau ɗaya: a tara mutum ɗari biyu ko uku, baƙo ya yi ta jawabi, a watse, ba a sake ganinsa ba. Na biyu shi ne wanda ake komawa wurin mutane guda sau da yawa. Ƙungiyar Training Leaders International, wadda aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a 2009, ta tsara darussa 9 da ake koyarwa cikin shekara uku, mako guda sau uku a shekara, ga ƙananan rukunoni. Shirin Langham Preaching, wanda ya samo asali daga aikin malamin nan ɗan Ingila John Stott, yana tafiya ne mataki-mataki, kuma tsakanin taro da taro mahalarta kan riƙa haɗuwa a yankunansu, kowa ya yi wa'azi a gaban ƴan uwansa su gyara masa. A irin na biyun, abin da ke faruwa bayan baƙo ya tafi yana cikin tsarin tun farko.

Matsalar harshe

Baƙon da ya zo mako guda ba ya jin Hausa ko Zabarmanci ko Gurmanci. Da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka ko Faransanci ba sa ji. Dole a nemi tafinta, wani lokaci ma biyu: ɗaya daga Ingilishi zuwa Faransanci, ɗaya daga Faransanci zuwa Hausa. Darasin awa guda sai ya koma na minti ashirin ko talatin. Abin da ya fi haka nauyi shi ne, duk abin da ɗalibi ya ji, ta bakin tafinta ya ji shi. Idan tafinta ya ƙware a tauhidi, shi ne malamin gaskiya, ko da sunansa bai fito a takardar shaida ba. Idan bai ƙware ba, baƙo zai koma gida yana murna, alhali abin da ya faɗa daban, abin da aka ji daban.

Akwai kuma kalmomin da ke da nauyi na musamman a nan. Kirista Bahaushe yana amfani da kalmomi irin su Allah, annabi, mala'ika, zunubi, addu'a da aljanna, waɗanda maƙwabcinsa Musulmi ma da su yake amfani, amma ma'anar ba kullum take zama ɗaya ba. Fasto na bukatar sanin inda ma'anonin suka haɗu da inda suka rabu, domin ya bayyana imaninsa ba tare da ya ci mutuncin wani ba. Malamin da bai taɓa zama cikin Musulmi ba zai yi wuya ya koyar da wannan.

Haka ma misalai. Labarin ƙwallon Amurka ko na inshorar mota ba ya shiga kan manomin Dakoro. Tambayoyin da fastoci ke zuwa da su kuwa daban ne: mutumin da ya shigo majami'a da mata biyu ko uku, yaya za a yi da baftismarsa? Matar da danginta suka karɓe mata ƴaƴa saboda ta sauya addini, wa zai riƙe ta? Gado fa, idan uba da ɗa ba addininsu ɗaya ba? Mai tsoron maita ko mai zuwa wurin boka a ɓoye, me za a ce masa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo mai hankali yakan saurari waɗannan tambayoyi, ya bar dattawan gida su jagoranci amsa.

Batun harshe ya ƙara fitowa fili tun bayan da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Kuɗi da iko

Tikitin jirgi na zuwa da komawa tsakanin Amurka da Yamai yakan haura dala 1,000, wato sama da jaka 500 na kuɗin sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata tun daga 2024. Ke nan tikitin mutum guda ya kai albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara, tun ba a yi maganar biza da masauki da mota ba. Idan tawagar mutum huɗu ce, lissafin ya ninka huɗu. Masu suka na tambaya: da an ba makarantar Littafi Mai Tsarki ta gida wannan kuɗi, ɗalibai nawa zai ɗauka?

Wannan suka ba daga wajen majami'a kaɗai take fitowa ba. Littafin When Helping Hurts na Steve Corbett da Brian Fikkert, wanda ya fito a 2009 kuma ya yi tasiri sosai a majami'un Amurka, ya yi gargaɗin cewa taimakon da ba a yi shi da lura ba yana iya raunana wanda ake taimako, ya kuma sa mai taimakon girman kai. Tun kafin su, a 1971, babban sakataren majami'ar Presbyterian ta Gabashin Afirka, John Gatu ɗan Kenya, ya yi kiran a dakatar da turo ƴan mishan da kuɗi na wani lokaci, domin majami'un Afirka su koyi tsayawa da ƙafafunsu. Taron majami'un Afirka na Lusaka a 1974 ya ɗauki wannan kira. Ba a aiwatar da shi ba, amma bai daina tashi a muhawara ba.

Masu kare tafiyar na da tasu amsa. Suna cewa mutumin da ya ba da kuɗi domin fastonsa ya je Afirka, ba lalle ya ba da su ba idan aka ce a aika wa makarantar da bai taɓa gani ba. Wanda ya zo ya gani da idonsa kuma shi ne yakan ci gaba da tallafawa shekara da shekaru. Zuwa da kai, in ji su, ya fi aike.

Amma kuɗi na zuwa da iko. Wanda ya biya abinci da mota shi ne yakan zaɓi darasi. Idan ƙungiyoyi uku suka zo gari guda a shekara guda, ɗaya na koyar da cewa mace ba ta wa'azi, ɗaya na cewa tana yi, ta uku na alkawarin arziki ga duk mai ba da zakka, fasto guda na iya halartar duka ukun. Ya koma ƙauye da takardun shaida uku da koyarwa masu karo da juna. Kuɗin guzuri da ake rabawa kan sa wasu su mayar da halartar taro sana'a. Sannan shugaban da ke da abokai a waje yakan fi takwarorinsa ƙarfi, abin da ke iya haddasa gaba da rarrabuwa a ƙananan majami'u.

Baƙo na tafiya, ɗan gida na nan

Tsaro ya sauya yanayin aikin baki ɗaya. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi da zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, kuma ƴan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a Yamai. Zanen a birnin Paris aka yi shi, amma Kiristocin Nijar ne suka biya, saboda wasu na yi musu kallon wakilan Turawa.

A watan Oktoban 2016 aka sace Ba'amurke Jeffery Woodke a Abalak, inda ya daɗe yana aikin agaji, ba a sake shi ba sai a Maris 2023. A Satumban 2018 aka sace fada Pier Luigi Maccalli ɗan Italiya a Bomoanga, kusa da iyakar Burkina Faso, aka sake shi a Mali a Oktoban 2020. Dukansu biyu sun daɗe a ƙasar, sun san mutane. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, jiragen Air France sun daina zuwa, kuma fita daga Yamai ga baƙon Bature na buƙatar rakiyar jami'an tsaro. Akwai kuma dokar 2019 a kan gudanar da ibada, wadda ta ba hukuma ikon sa ido a kan wuraren ibada da wa'azi, ta kowane addini.

Duk wannan na nufin nauyi ya fi faɗawa kan mai masauki. Idan baƙo ya yi kalami mai zafi a kan addinin maƙwabta, ko ya sa hoton wani sabon tuba a Facebook domin ya nuna wa masu tallafa masa, shi ya hau jirgi. Faston da ya karɓe shi ne zai amsa tambayoyi a unguwa, wanda aka sa hotonsa kuma shi zai fuskanci danginsa.

Malamai na kusa

Akwai wata hanya da ta girmi yayin tafiyar mako guda. A 1963, wata makarantar tauhidi ta Presbyterian a ƙasar Guatemala ta lura cewa shugabannin majami'u na gaskiya ba sa iya zuwa makaranta, sai ta kai musu makarantar. Ɗalibi na karatu a gida da littafin da aka tsara domin haka, yana ci gaba da aikinsa, sannan ya haɗu da malami da sauran ɗalibai a kai a kai. Wannan tsari, da aka sani da TEE, ya bazu a Afirka, kuma ƙarfinsa shi ne malamin ɗan yankin ne, ba ya buƙatar biza.

Ga Nijar, malamai masu jin Hausa suna ƙetaren iyaka kaɗan. Majami'ar ECWA a Najeriya, wadda ita ma daga SIM ta fito a 1954, tana da makarantun tauhidi a Kagoro da Jos, kuma tana da ƙungiyarta ta tura masu bishara tun 1948. Akwai kuma kwalejin TCNN a Bukuru. Ga masu Faransanci akwai FATEB a Bangui, wadda aka buɗe a 1977 bisa ƙoƙarin Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya rasu a 1975 yana jagorantar ƙungiyar majami'un bishara ta Afirka. Burinsa shi ne ƴan Afirka su samu zurfin ilimin tauhidi ba tare da sun bar nahiyar ba.

Littattafai ma sun samu. A 2006 aka wallafa Africa Bible Commentary, sharhin Littafi Mai Tsarki da malaman Afirka 70 suka rubuta a ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo. An fassara shi zuwa Faransanci a 2008, daga baya kuma zuwa Hausa. Sharhin ya taɓa batutuwa irin su auren mace fiye da ɗaya, maita da gadon gwauruwa, wato irin tambayoyin da fastocin karkara ke kawowa.

Wannan ba ya nufin baƙo ba shi da abin bayarwa. Malamin da ya ƙware a harshen Helenanci ko Ibrananci, ko a tarihin ikilisiya, yana iya cike giɓin da makarantar gida ke da shi. Ziyara kuma na ƙarfafa wa ƴan tsiraru gwiwa, su san ba a manta da su ba. Abin da gogewar shekaru ta nuna shi ne, amfanin ziyarar ya danganta ne da ƴan abubuwa da kowace majami'a za ta iya tambaya kafin ta ce a zo. Wa ya zaɓi darasin, mai masauki ko baƙo? Mutanen nan guda za a sake koyarwa, ko kowane zuwa da sababbin fuskoki? Akwai littafi a harshen da ɗalibai ke wa'azi da shi? An shirya tafinta kafin ranar farko? Akwai ɗan gida da ke koyarwa tare da baƙon, wanda zai riƙe ajin shi kaɗai nan da shekara uku?

Ƙungiyoyin majami'u na ƙasar, irin su EERN da haɗakar AMEEN, su ne ke da hurumin yin waɗannan tambayoyi, domin su suka san fastocinsu da garuruwansu. Da ɗan gari kan ci gari. A yanzu da hanyar baƙi ta ƙuntata, tsare-tsaren da suka riga suka horar da malaman gida suna iya ci gaba da karatu. Waɗanda suka dogara ga saukar jirgi kuwa sai sun jira.